Makina ya fi nasa, amma shi aka ɗauka

Assalamu alaikum Anti,

Ni likita ne, shekaruna 29. Bayan na gama yi wa ƙasa hidima na zauna wa USMLE, jarrabawar samun lasisin aikin likita a Amurka, don in samu gurbin horon ƙwarewa a Amurka. Na ci matakin farko, Step 1, na samu maki 255 a mataki na biyu, Step 2 CK. Mahaifiyata sai da ta sayar da filinta aka biya kuɗin. A watan Maris sakamakon Match, wato tsarin raba wa likitoci guraben horo a asibitocin Amurka, ya fito, babu sunana. Abokina da makinsa bai kai nawa ba ya samu. Ya ce yanzu mutum gaba ɗayansa asibitocin suke dubawa, har da labarin rayuwarsa. Anti, ni an tarbiyyantar da ni a kan cewa yabon kai jahilci ne. Na yi shekara biyu ni kaɗai ne likita a wani asibitin karkara, lokacin kwalara har a reshen dalbejiya muke rataye ledar ƙarin ruwa, amma ban rubuta wannan a takardun neman gurbin ba, na ga kamar roƙon tausayi ne. Wannan tsari ba son kai ba ne kuwa? Har yau na kasa haɗa ido da Umma.

Ɗanki, daga Zariya

Wa alaikumus salam ɗana,

Na ji zafin da ke ranka, musamman na filin nan. Allah Ya saka wa Umma da alheri. Ka sani kuma, cikin likitocin ƙetare marasa takardar zama ɗan Amurka, kusan shida ne cikin goma ke samun gurbi a shekara, don haka masu ƙoƙari da yawa sun kwana inda ka kwana.

Abokinka ya faɗa maka gaskiya. Ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, AAMC, ta daɗe tana kira a auna mai nema da abu uku: abin da ya taɓa yi, halayensa, sai makinsa. Tun Janairun 2022 ma an daina ba da maki a Step 1, ko ka ci ko ka faɗi ke nan. Makinka na Step 2 yana sa a buɗe fayil ɗinka, amma wanda ya buɗe yana da ɗaruruwa irinsa a gabansa. Tambayarsa ita ce, wa zan iya bar wa majinyata da ƙarfe uku na dare?

Kai kana da amsar, ka ɓoye ta. A fom ɗin neman gurbin, wato ERAS, an ba ka wurin ayyuka goma, ka ware uku da suka fi taɓa ka, da wani gurbi na wahalhalun da mutum ya tsallake. Dalbejiyar nan a can ya kamata ta shiga. Ba sai ka ce kai jarumi ne ba. Ka faɗi majinyata nawa kake gani a wuni, yadda kake zaɓen wanda za a fara sa wa ruwa idan leda ta yi kaɗan, da abin da ka koya daga wanda ya rasu a hannunka. Ba da shaidar abin da ya faru daban yake da yabon kai.

Ba zan ce maka tsarin ba shi da aibi ba. Mai kuɗin zuwa Amurka ya zauna a asibiti ya samo wasiƙar shaida daga likitan can ya fi ka dama, kuma wannan yana damuna. Amma maki kaɗai ma ya fi yi wa mai kuɗin littattafai da lokacin karatu daɗi.

A watan Satumba asibitoci ke fara duba takardu. Kafin nan ka nemi abokin nan naka, ka ajiye jin nauyi, ya nuna maka abin da ya rubuta, ku riƙa gwada ganawar da asibitoci ke yi da masu nema tare ta waya. Ka roƙi babban likitan da ya san aikinka na karkara ya rubuta maka wasiƙa mai bayanin abin da ya gani da idonsa. Kada ka ajiye aikin asibiti a wannan tsakanin.

Umma kuwa, yau bayan sallar isha'i ka je ɗakinta ka zauna. Ka gaya mata za ka sake nema, ka roƙi addu'arta.

Antinka