Tambaya da Amsa: Sunayen da ke Jikin Tagogin Coci a Sikotland

Tambaya: Malam, na ga hotunan tagogin coci masu gilashi kala-kala a Sikotland, ɗauke da sunayen mamata. Me ya sa? Kuma ina asalin sunaye irin su Campbell da Stewart? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa, iyalai ne ke biyan kuɗin tagar domin tunawa da mamacinsu. Bayan sauyin addini na 1560, lokacin da ƙasar ta bar ɗarikar Katolika ta koma ta Furotesta, cocin ƙasar ya juya wa irin wannan ado baya, sai a ƙarni na 19 ya dawo.

Sunayen ne suka fi burge ni. A harshen Gelik, wani tsohon harshe na Sikotland, "Mac" na nufin ɗa, MacDonald ke nan ɗan Donald. Campbell laƙabi ne, mai karkataccen baki. Cameron, mai karkataccen hanci. Stewart kuwa muƙami ne na mai kula da gidan sarki, kuma zuriyar ta hau gadon sarauta a 1371 da Robert na Biyu.

Amma ki yi hattara: talakawa da yawa sun ɗauki sunan shugaban ƙabilarsu ba tare da haɗin jini ba. Mai neman dangi sai ya duba rajistar haihuwa da aure ta coci.