Amsa kan jerin maɓallai na Visual Basic 6: shin zai dawo?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan amsa ce ga tambayar da ɗan'uwanmu ya ajiye a zauren nan, inda yake son sanin ko kamfanin Microsoft zai dawo da tsarin nan na Visual Basic 6, harshen rubuta manhajojin kwamfuta, da ake kira control array, wato a raɗa wa maɓallai da yawa suna ɗaya, a riƙa bambance su da lambar Index. Malam, gaskiyar magana ita ce babu wata alamar dawowarsa, kuma ina roƙonka kada ka ajiye aikinka kana jiran sa.

An cire shi ne tun 2002, lokacin da Visual Basic .NET, magajin Visual Basic 6, ya fito. Kamfanin ya tanadi wasu kayan agaji, irin su ButtonArray, domin masu ƙaura da tsofaffin manhajojinsu, amma da .NET Framework 4, sabon zubin ginshiƙin da manhajojin .NET ke gudana a kai, ya zo a 2010 sai aka yi musu alamar cewa sun tsufa, a daina dogaro da su. Sannan a watan Maris na 2020 kamfanin ya bayyana cewa ba shi da niyyar ci gaba da faɗaɗa Visual Basic a matsayin harshe, ko da yake zai ci gaba da tallafa masa. Wanda ya daina ƙarin gini kuwa, da wuya ya koma tono tsohon harsashi.

Na fahimci abin da kake kewa, domin sauƙin nan na gaske ne. A da, kana kwafo maɓalli ka liƙa shi a kan fom, wato tagar da ake jera maɓallai a kai, sai Visual Basic 6 ya tambaye ka ko kana son a haɗa su jeri ɗaya, ka amsa da e, shi ke nan. Wannan tambayar ta tafi. Amma aikin da jerin yake yi yana nan daram, har ma ya fi na da faɗi.

Mu ɗauki kalkuleta mai maɓallai goma, daga 0 zuwa 9. Za ka rubuta umarni guda ɗaya, a ƙarshen layinsa na farko ka sa kalmar Handles, ka jero dannawar maɓallan goma da waƙafi a tsakaninsu, kuma duk wanda aka danna, abin da ake kira sender zai gaya maka ko wane ne. Idan kuma sai manhaja tana aiki ne za ka ƙirƙiri maɓallan, sai ka zuba su cikin List, wato ma'ajin da ke jera abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ka ɗaure kowanne da umarnin ta hanyar AddHandler, ka ajiye lambarsa a cikin Tag, gurbin ajiyar bayani da kowane maɓalli ke da shi, ta tsaya maka a madadin Index. A tsohon tsari dole ne duk 'yan jerin su kasance iri ɗaya, yanzu kuwa maɓalli da akwatin zaɓi za su iya tarayya a umarni guda.

Hattara da abu ɗaya wajen sauya tsohon aiki: a Visual Basic 6 lambobin Index suna iya tsallake-tsallake, amma List yana farawa daga 0 ne a jere, kuma idan ka cire ɗaya na bayansa suna matsowa. In manhajarka ta dogara da lambobi tsayayyu, yi amfani da Dictionary, wato ma'ajin da ke ɗaure kowane abu da lambar da ka ba shi. Ka turo mana fom ɗin da kake aiki a kai, mu duba tare in Allah ya yarda.