Tambayi Anti Nas: Wai wa yake auna takardar da ake auna mu da ita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Ni ɗalibar makarantar koyon jinya ce ina aji biyu, dan Allah wani abu ne yake ci min tuwo a ƙwarya. Mun yi oski na ƙarshen zango, wato jarrabawar nuna aiki da ake bi tasha tasha, a tashar awon hawan jini na samu awon daidai tashi ɗaya amma da sakamako ya fito ƙawata da sai da ta maimaita awon ta fi ni maki, wai ni ban wanke hannu ba kuma ban faɗa ma mara lafiyan sunana ba. Sannan a wod wata sista ta cika min fom da yabo, wata kuma duk a fostin ɗaya, wato zaman koyon aiki da aka tura mu, ta rubuta ban iya komai ba. Wa yake tsara takardun nan ne, kuma ya akai aka san gaskiya suke aunawa? Daga ƙanwarki a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ƙara biyu kika kawo, ta farko gaskiya ba zan bi bayanki ba, ta biyu kuwa kina da hujja.

Maganar wanke hannu ba ƙa'idar banza bace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware lokuta 5 da ma'aikacin lafiya zai tsaftace hannu, na farkonsu shine kafin ki taɓa mara lafiya, daƙiƙa 20 zuwa 30 in da sanitaiza ne, 40 zuwa 60 in ruwa da sabulu ne. Ita takardar da malami ke ba ki maki da ita ba lambar da kika karanto kaɗai take nema ba, tana duba ko kin bar mutumin ya huta kamar minti 5, ko abin ɗaurawar ya dace da kaurin damtsensa, ko kin nemi izininsa. Ƙawarki ta maimaita awo, to ai wannan ba laifi bane, nas mai hankali ma haka take yi in ta yi shakka.

Kinsan da can yanda ake jarrabawar aikin asibiti, a haɗa ɗalibi da mara lafiya ɗaya da malami ɗaya shikenan, in ka yi sa'a ka faɗa hannun mai sauƙin kai ka haye, in ka faɗa hannun mai tsauri kuma a ba ka mara lafiyan da ciwonsa ya rikice sai dai addu'a. Wannan ne yasa Ronald Harden da abokan aikinsa a Dundee ta ƙasar Sikotland suka fito da tsarin OSCE, wato oski, a 1975, tashoshi a jere, kowa ya bi duka, aiki ɗaya, lokaci ɗaya, a kaɗa ƙararrawa ki matsa gaba. Ɗaliban likita aka fara yi wa, daga baya jinya ta ɗauka, yanzu har jarrabawar Kansil ɗinmu, wato hukumar jinya da ungozoma ta Najeriya, da shi ake yi. A 1990 kuma George Miller ya kasa ƙwarewa hawa 4: ki san abu, ki san yanda ake yinsa, ki nuna kin iya, sai kuma ki riƙa yinsa a gaske ko ba mai kallonki. Oski hawa na uku yake aunawa. Fom ɗin wod shi aka ɗora wa na huɗu, kuma nan ne ake yawan samun matsala irin taki.

To ya ake tsara takarda mai inganci? Kamar mudun kasuwa ne, kafin a yarda da awonsa shi kansa sai an gwada shi. Da farko ana tattaro matakan aikin daga manhaja da rubuce rubucen masana da bakin nas-nas ɗin da suke kan aiki. Sai a ba ƙwararru su duba kowane layi su ba shi maki daga 1 zuwa 4, ko ya shafi aikin ko shirme ne. A ƙirga nawa suka ba shi 3 ko 4. In ƙwararrun sun kai 6 ko fiye, ana son layin ya samu 0.78 zuwa sama, wato in su 10 ne 8 suka yarda ya tsira, in 7 ne sai a gyara shi ko a cire. Daga nan a gwada a kan ɗalibai kaɗan a ga ko akwai layin da malamai ke fahimta daban daban. Akwai lissafin da Lee Cronbach ya fitar a 1951 da ake duba ko layukan suna tafiya tare, yawanci 0.7 ake nema. Kuma takarda in ta kirki ce dole ta bambance ɗan aji ɗaya da ɗan ajin ƙarshe, in duk maki ɗaya suke ci to ba ƙwarewa take aunawa ba.

Amma gwajin da ya shafe ki shine wannan, a tsayar da malamai biyu su kalli ɗaliba ɗaya tana canza bandeji ko tana allura, kowa da takardarsa ba mai leƙen ta wani, sai a haɗa a gani. Jacob Cohen ya kawo lissafin kappa a 1960 dan a cire dacen da kan faru haka kawai. In sun yi hannun riga sosai laifin ba na ɗalibar bane, ko dai takardar ce ba ta fito da abin da take so ba, ko malaman ne ba a horar da su ba. Ni abin da yake ba ni haushi da irin fom ɗin da na sha gani a wod, sai ki ga layi wai "ɗabi'a" ko "ƙwazo", mai kyau ko matsakaici, ba bayanin me za a gani da ido. Kuma sai ranar ƙarshen fostin ake turo su tuli guda, sista ta gaji ga marasa lafiya cike da gado, ta cika da abin da ta tuna, wadda ke gaishe ta da fara'a ta ci, mai kunya ta sha ƙasa. Wani lokaci ma fom ɗin daga Ingila ko Ostareliya aka kwafo ba a sake gwada shi a nan ba, babu layi ko ɗaya kan ko kin iya yi wa tsohuwa bayanin maganinta da Hausar da za ta gane.

Shi ma oskin ba waliyyi bane, akwai masu haddace matakai su zuba wa mutum-mutumi tsaf amma gaban mai naƙuda hannu ya kama rawa, shi yasa wasu makarantun ke ƙara makin gaba ɗaya na yanda malami ya ga aikin. Shawarata, ki roƙi malamarku ta ba ku takardar matakan tun kafin jarrabawa, ba sirri bace. A wod kuma duk aikin da kika yi ki nemi sista ta tsaya ta gani ta sa hannu a littafinki nan take, kuma ki riƙa canza masu dubawa kar ki maƙale wa mutum ɗaya.

TAMBAYA: Anti ina wuni. In na ci oskin Kansil sai na sake wani in zan yi aiki a Ingila? Ɗanki daga Zariya.

AMSA: Lafiya lau ɗana. Eh sai ka sake. Hukumarsu ta NMC tana da nata, ka fara da jarrabawar kwamfuta wadda za ka iya yi a cibiyar jarrabawa tun kafin ka tafi Ingila, sannan oskin sai ka je can, kuma tun 2021 tasha 10 ne. Ga jarrabawar Turanci ma tana jiranka.