Tambaya da Amsa: Na Raba Mahaifiyata da Saƙar Faifai, Ko Na Yi Kuskure?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a babbar kasuwar Maraɗi, kuma mahaifiyata, wadda ta ba shekara 70 baya, tana zaune a gidana. Tun tasowata na san ta da saƙar faifai, amma da Allah ya buɗa mini sai na roƙe ta ta bari, domin na fara jin ƙananan maganganu cewa na bar tsohuwa tana neman na goro da hannunta. Ta bari don ta faranta mini. Yau wata 8 ke nan, ga shi ta zama shiru-shiru, tana yawan barcin rana, kuma takan tambayi abu ɗaya sau biyu ko uku. Ƙanwata ta ce raba ta da kaba ne ya jawo haka. Shin akwai gaskiya a maganarta?

Daga wani mai karatu, unguwar Zariya, Maraɗi

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka da alheri bisa wannan niyya, domin ɗan da ya ce uwarsa ta huta bai yi laifi ba. Sai dai a wannan magana ƙanwarka ta fi ka kusa da gaskiya.

Ka tuna yadda Hajiya take yi idan ta zauna da kayanta bayan la'asar. Za ta jiƙa kaba don ta yi laushi, ta tsaga ta siri-siri da farce, ta ware wadda aka rina ja da wadda aka rina baƙi da wadda aka bari fara, sannan ta ɗauko daga cibiyar faifan tana naɗewa, tana soka basilla, tana zagayawa. Mai kallo hannu kawai yake gani, alhali a cikin kanta lissafi take yi: ja nawa za a jera kafin baƙi ya shigo, a wane zagaye za a ƙara ɗaya don kada adon ya karkace yayin da faifan ke ƙara faɗi, da yadda za ta matse ɗinkin daidai don kada ya lanƙwashe kamar ƙwarya. Idan ta ɓata ƙidaya a zagaye na 5, a na 10 kuskuren zai tona kansa, dole ta warware ta sake. Ido da yatsu da tunawa da tsara abin da bai zo ba tukuna, duk suna aiki a lokaci guda, kuma ta shafe shekaru tana ba ƙwaƙwalwarta wannan atisaye kowace rana.

Tun a shekarun 1930 wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa mai suna Wilder Penfield, wanda ya yi aiki a Kanada, ya zana taswirar yadda sassan jiki suka raba filin ƙwaƙwalwa a tsakaninsu, sai ya tarar hannu da yatsu sun ci fili mai yawa ƙwarai, fiye da gangar jiki duk da girmanta. Saboda haka aikin da ke sa yatsu motsi cikin natsuwa da ƙa'ida yana tayar da babban yanki na ƙwaƙwalwa. A shekarar 2011 masu bincike na asibitin Mayo da ke Amurka sun wallafa nazarin da suka yi a kan tsofaffi 1,321 masu shekara 70 zuwa 89, inda suka ga cewa waɗanda ke karatun littattafai ko aikin hannu irin su saƙa da ɗinki sun fi sauran kuɓuta daga raunin tunanin da kan riga ciwon mantuwa zuwa, da kashi 30 zuwa 50 cikin 100. A 2015 kuma suka fitar da wani nazarin a kan mutum 256 da matsakaicin shekarunsu ya kai 87, aka ga masu aikin hannu tun tsakiyar rayuwa har tsufa sun sami ragin kashi 45 cikin 100 na wannan haɗari. Irin wannan bincike yana nuna abu biyu da ke tafiya tare ne, domin wani lokaci mantuwar ce ke fara shiga ta sa mutum ya ajiye sana'arsa. To amma a gidanka mun san abin da ya riga wani: da hankalinta garau ta ajiye basilla, bayan nan shirun ya zo.

Akwai kuma abin da ya tafi tare da faifan wanda wataƙila ba ka lura da shi ba, tun da kana kasuwa a lokacin da yake faruwa. Matar da ke kawo mata kaba daga wajen Mayahi, inda Gulbin Kaba ya ratsa, ta daina zuwa. Maƙwabciyar da za ta aurar da ƴa, wadda kan shigo ta zaɓi ado ta yi ciniki ta zauna hira, ita ma ta daina. Jikokin da ke miƙa mata kaba suna tambayar wannan ado mene ne sunansa sun koma gaban talabijin. Tsohuwar da ake nema saboda abin da ta iya ta zama tsohuwar da ake leƙawa a gaishe ta a wuce. A ganina wannan rashi ya fi na motsa yatsun nauyi, kuma shiru da barcin rana da ka ambata sun yi kama da alamun ciwon damuwa, wanda a jikin tsofaffi yakan zo da mantuwa har a ɗauka gigin tsufa ne.

Duk da haka kada ka tsaya a kan mayar mata da kaba kawai. Maimaita tambaya alama ce da ta cancanci likita ya duba. A kai ta asibiti a auna hawan jini da sukari, a gwada jinta da ganinta, domin mutumin da kunnensa ya yi nauyi yakan sake tambaya don bai ji amsar farko ba, yakan kuma janye daga hira don kunya. Wani kwamitin ƙwararru na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da idan aka magance su za a iya kauce wa kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa, ko a jinkirta shi, kuma hawan jini da sukari da raunin ji da raunin gani da kaɗaici da ciwon damuwa duk suna cikinsu.

Game da yadda za ka mayar mata da aikin, ina ba ka shawara kada ka ce likita ne ya ce, don kada ta ɗauke shi kamar magani. Ka sayo kaba mai kyau da rini, ka ce mata akwai bikin ƴar abokinka nan da wata biyu, kuma kana so gudunmawarka ta zama faya-fayai na hannunta. Ita ta san abin da wannan roƙo yake nufi. Masu cewa ka kasa riƙe ta kuwa, su ne dai za su ce ka killace ta idan ciwo ya kama ta, kuma ba su za su yi jinya ba.

Tambaya: Ni matar aure ce mai shekara 26, mijina fatake ne, yakan yi makonni ba ya gida. Da dare ba na samun barci, zuciyata na bugawa, sai in yi ta duba waya har asuba. Wata ƙawata ta ce in koyi saƙar kwarashi, wai tana maganin damuwa. Gaskiya ne?

Daga wata mai karatu, Tibiri

Amsa: Malama, Allah ya ba ki lafiya. Hausa da kanta ta ba mu hanyar fahimtar wannan, domin idan mutum ya kwana cikin zullumi mukan ce ya kwana yana saƙa da warwara. Zuciyar da ba ta da abin riƙewa takan ɗauko zare ɗaya na tunani ta yi ta juya shi ba tare da ta gama komai ba. Kwarashi yana amfani ne ta wajen cinye hankalin da wannan saƙe-saƙen ke buƙata: mai ƙidaya ɗauri don hular jariri ta fito daidai ba ta da sararin tunanin ko motar da mijinta ya shiga ta isa lafiya. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula ya san yadda yakan nutse, sai kiran sallar magariba ne zai sa ya ɗago kai yana mamakin inda yinin ya tafi.

An auna wannan a jiki. A 2016 wata mai bincike a jami'ar Drexel ta Amurka, Girija Kaimal, ta sa mutum 39 suka yi minti 45 suna zane ko murza laka, aka gwada yawunsu kafin da bayan aikin, sai aka ga sinadarin kotizol, wanda jiki ke fitarwa idan yana cikin matsi, ya ragu a jikin kusan kashi 75 cikin 100, gwani da ɗan koyo. Nazari ne ƙarami, amma ya dace da abin da masu saƙa ke faɗa da bakinsu. Wani mafi girma da jami'ar Anglia Ruskin ta Ingila ta wallafa a 2024, a kan mutum 7,182, ya nuna masu aikin hannu sun fi jin daɗin rayuwa, sun fi jin cewa rayuwarsu tana da ƙima. Sai dai wannan nazarin bai ga ragin fargaba ko kaɗaici ba, kuma waɗannan biyun su ne kika kawo kuka a kansu. Don haka ƙawarki ta faɗi rabin gaskiya.

Ki koya, amma ki koya a cikin mutane, ko da mata uku ne a tsakar gida ɗaya da hantsi, domin saƙa ke kaɗai a ɗaki da tsakar dare ba za ta cike gurbin abokin hira ba. Ki ajiye wayar nesa da shimfiɗa idan kin yi sallar isha'i. Bugun zuciyar kuma a duba shi a asibiti, saboda ƙarancin jini, wanda ya yawaita a tsakanin mata, yana kawo shi, haka ma wasu cututtukan maƙoƙo. Idan baƙin ciki ya wuce mako 2 bai sake ki ba, ko abinci ya fita ranki, ko tunanin mutuwa ya riƙa zuwa miki, to wannan ya wuce aikin zare, ki gaya wa likita da wani babba da kika yarda da shi ba tare da jinkiri ba.

Tambaya: Na yi ritaya daga aikin koyarwa ina da shekara 61, kuma ina sha'awar koyon dukanci, amma ni ba ɗan gado ba ne, abokaina kuma suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In haƙura?

Daga wani malami mai ritaya, Bagalam, Maraɗi

Amsa: Malam, kada ka haƙura. Karin maganar abokanka ta tarbiyyar yaro ce, ƙwaƙwalwa kuwa tana ci gaba da ƙulla sababbin hanyoyi tsakanin ƙwayoyinta har cikin tsufa, muddin an ba ta abin da ba ta saba da shi ba. Wata mai bincike, Denise Park ta jami'ar Texas da ke Dallas a Amurka, ta raba mutum 221 masu shekara 60 zuwa 90 rukuni-rukuni na wata 3. Waɗansu suka koyi ɗinkin bargo ko ɗaukar hoto na kimanin awa 15 a mako, waɗansu suka riƙa taron hira da yawon buɗe ido, waɗansu kuma suka zauna gida da ayyuka masu sauƙi. Waɗanda suka sha wahalar koyon sabon abu su ne tunawarsu ta fi inganta. Rashin gadon da kake ganin cikas ne, a nan riba ne gare ka, domin komai zai zo maka sabo.

Kuma ka zaɓi sana'ar a inda ya dace. Fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙasashen waje saboda laushi da ƙarko, majema suna jeme ta da bagaruwa, dukawa suna fitar da ja da karan dafi. Ka je wurin badukun da ka natsu da shi da goronka, ka gaya masa ba kasuwarsa ka zo raba masa ba, ka yarda ka zauna inda almajiransa ke zama, duk da cewa shekara da shekaru kai ne mai tsayawa gaban allo. Ka fara gwada ido a ba ka tabarau idan ana buƙata, ka yi aiki inda haske ya wadata, kuma ka riƙa miƙewa bayan kowane rabin awa saboda baya da wuya. Ka roƙe shi ya fara ka da ƙaramin abu kamar alabe ko kube, a kan guntayen fatar da ya yanke ya ajiye gefe.