Amsa ga mai son shiga kulob ɗin kurket a jami'ar Indiya

Wa alaikumus salam ƙanena. Naga tambayarka tun jiya, kace ka samu gurbin karatu a Indiya kuma kaga makarantar tana da kulob ɗin kurket, kai kuma ko sandar baka taɓa riƙewa ba, shin zasu karɓi baƙo irinka, kuma abin ba zai cinye maka karatu ba? Toh bari in faɗi nawa, don a wata jami'a kusa da Delhi nayi digiri kuma ina cikin kulob ɗin har na gama.

Zasu karɓe ka, amma ka cire rai da riƙe bat, wato sandar dukan ƙwallon, a shekarar farko. Yaran nan tun suna 'yan firamare suke buga abin a lungu da ƙwallon tanis, wajen duka ba zaka kamo su ba ko zaka kwana a fili. Ƙofar da baƙo yake shiga ita ce tsaron fili, wato ka tare ƙwallo, ka cafe, ka jefo ta inda ake so da sauri. Wannan aikin yawancinsu ƙyuyarsa suke, kowa so yake ace shi ne Kohli, shahararren mai bat ɗin Indiya, ba mai son a tura shi can bakin layi ya tsaya cikin rana. Mu kuma da muka tashi da jifan mangwaro da gudu a filin bal, hannu akwai ƙafa akwai. Ni da haka na samu wuri. Wata Lahadi mutum ɗaya bai zo ba aka ce in cike, wani ya daki ƙwallo tana gangarawa zata wuce layi, kowa ya sallama maki 4 ne, na bi ta a guje na tare da ƙafa na ɗauka na wurgo wa mai tsaron wiket, wato sandunan da ake kafawa bayan mai bat, tun daga can, ta sauka a hannunsa kafin mai bat ya ƙaraso, aka fitar da shi. Sai ihun shabash shabash, wato jinjina da yarensu. Daga ranar kyaftin bai ƙara barina a benci ba, duk da cewa in aka zo jerin masu bat ni ne na 11, wani lokacin ma har a tashi ba a zo kaina ba.

Dokokin kar su tsorata ka. Mutum 11 kowane ɓangare, tsakiyar fili akwai siririn wuri mai tsawon yadi 22, kowane ƙarshe an kafa sanduna 3 da 'yan guntayen itace 2 a kansu. Jifa 6 shi ne oba ɗaya. Ƙwallo ta gangara ta wuce layi maki 4, ta tsallake ta sama maki 6. Sauran a fili zaka gane su, banda dokar tare wiket da ƙafa, wannan su kansu kullum cikin musu suke a kanta.

Abin da nake so ka shirya masa shi ne ƙwallon kanta. Ta fata ce, nauyinta wajen giram 160, tauri kamar dutse, ga ɗinki a tsakiya mai yanka. A Disamba da Janairu yankin Delhi sanyi ne da hazo, ka fito atisaye da sassafe hannu ya ƙandare koci ya ɗaga maka ita sama, wallahi in ta sauka a tafin hannu har cikin kai zaka ji. Kar ka taɓa miƙa mata yatsu tsaye, ko dai su kalli sama ko su kalli ƙasa, kuma tana shiga ka ja hannun baya ka bi ta, kar ka tsaya mata ƙyam. Yawancin masu gudu daga kulob a watan farko yatsa ne ya kore su. Jifan da ake yi wa mai bat kuma wani karatu ne daban, ba a lanƙwasa gwiwar hannu a miƙe ta lokacin saki, da hannu a miƙe zaka juyo shi ta saman kai, jikinka zai ta gardama da kai tsawon watanni. Ni ganina baƙi dogo suka ɗauka dole in iya jifa mai gudu, har suna suka sa min, Gayle, musamman bayan Chris Gayle ya ci maki 175 a wasa ɗaya a gasar IPL ta kulob-kulob ɗin Indiya a 2013, alhali shi ɗin ma mai bat ne kuma ɗan Jamaika. Ban damu ba, a titi naji abin da ya fi wannan ciwo, amma a cikin kulob gaskiya ba wanda ya taɓa wulaƙanta ni.

Maganar karatu, nan ne ya kamata ka buɗe ido. Kurket ba kuɗi yake ci ba, lokaci yake ci. Wasan oba 20 kamar awa 3 ne, amma na oba 50 yini ne sukutum, ga tafiya wata kwaleji a bas ga jiran alƙalin wasa. Jami'o'in Indiya da yawa sai kana da halartar aji kashi 75 cikin ɗari kafin a barka ka zauna jarrabawa, kuma basa wasa da wannan. Duk wasan da ya faɗo ranar lakca ka karɓi takarda daga ofishin wasanni kafin ka tafi, ba bayan ka dawo ba, in babu takarda ka haƙura da wasan. Sallah kuma ba matsala, akwai hutu idan ɓangare ɗaya ya gama bat, nan nake shimfiɗa tawul a gefen fili, akwai Musulmi 'yan Lucknow da Kashmir a tawagar muna haɗa jam'i. Da azumi dai tsayuwar rana ba sauƙi, ni atisayen yamma kawai nake zuwa. Mayu da Yuni kuma zafin garin ya wuce misali, ruwan damina na sauka a Yuli fili ya zama taɓo, don haka ainihin kakar wasa daga Oktoba ne zuwa Maris.

In ka tambaye ni ribar, ita ce mutane. Mu 'yan Najeriya a can mun cika zama mu kaɗai, ɗakin wane a dafa shinkafa a kalli Firimiya, mutum ya gama digiri bai da aboki ɗan ƙasar ko ɗaya. Ni a gefen fili na koyi ɗan Hindin da na iya, wajen shan shayi a 'yan ƙananan kofuna muna jiran layinmu. Daren 2 ga Afrilu 2011 da Indiya ta ci Sri Lanka a wasan ƙarshe na kofin duniya a Mumbai, a ɗakin kallo na hostel muke cunkushe, kyaftin ɗin Indiya Dhoni yana ɗaga ƙwallon nan ta tsallake layi sai naji an ɗaga ni sama ni ma, yara suna kuka da hawaye, rabonsu da kofin tun 1983. Ranar ba wanda ya yi barci saboda ƙarar wasan wuta. 'Yan kulob ɗin ne suka nema min gidan haya da na bar hostel, su suka yi magana da mai gida da yarensu.

Kuma kar ka ɗauka in ka dawo gida shikenan. Akwai fili a dandalin Tafawa Balewa a Legas, akwai a babban filin wasa na Abuja, yaranmu 'yan ƙasa da shekara 19 sun je kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2020, 'yan matanmu ma sun doke New Zealand a Malesiya a Janairun 2025.

Kaya kar ka sayi komai daga nan. Kulob yana da jaka ta kowa da kowa, bat da hular kwano da abin kare ƙwauri duk a ciki, kuma can suka fi araha tunda a garuruwan Meerut da Jalandhar ake ƙera su. Naka na kanka kawai takalmi mai riƙe ƙasa, farin wando da riga, sai abin kare gaba, wannan dai ba a aro. In lokacin sayen bat ya yi ka fara da na itacen Kashmir, na itacen Ingila tsada ne kuma asara ne a hannun ɗan koyo. Ka faɗa min wane gari ne makarantar taka, don in kudu ce irin Bangalore yanayin su daban ne da wanda na baka labari.