Diski a gabas, kwantena a yamma

Tambaya: Salam Malam. Don Allah ina da kilasta (rukunin injina) na Kubernetes, manhajar da ke rarraba kwantenonin shirye-shirye a kan injina, a AWS, wato girgijen Amazon, na kunna databes sai pod ɗin (ƙunshin kwantenar da databes ke gudana a ciki) ya maƙale a Pending, wato yana jira bai tashi ba, yana ta rubuta min volume node affinity conflict, alhali injina suna da fili sosai. Mene ne matsalar? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ai ba fili ba ne matsalar, wuri ne. Diskin EBS, wato diskin ajiya na AWS, a zon guda yake zama (zon wani ɓangare ne na cibiyoyin bayanan AWS a cikin yanki), ba ya tsallakawa, idan an ƙirƙire shi a af-south-1a na Cape Town to injin da ke 1b ba zai taɓa ɗaukarsa ba ko da yankinsu ɗaya.

Leƙa StorageClass ɗinka, tsarin da ke faɗin yadda za a ƙirƙiri diski, ina kyautata zaton layin volumeBindingMode yana kan Immediate, wato da ka nemi diski sai a yanka maka nan take tun ba a san inda pod zai sauka ba, shi kuwa pod ɗin ga ƙa'idojinsa na memori da CPU, ƙarshe kowa ya kama gabansa. Sa WaitForFirstConsumer a maimakon Immediate, yana nan tun sigar 1.12 ta 2018, sai an zaɓi inji tukuna a haƙo diskin a zon ɗinsa. Amma fa ba a gyara wannan layin a StorageClass da ke aiki, sabo za ka buɗe.

Tsohon diskin kuma? Ɗauki sinafshot, wato kwafin diskin, ka tayar da shi a zon da kake so. In kana son ajiyar da duk zon za su gani to EFS ne, ajiyar fayil ta AWS da injina ke rabawa, sai dai ni ban cika son ɗora databes a kansa ba, ba shi da sauri.