Tambaya da Amsa: Yaya Ake Gwada Injin Kumbo Mai Aiki da Lantarki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran janareta ne a Agege, nan Legas. Na ga wani bidiyo a Facebook, inji yana fitar da shuɗin haske, aka ce da shi kumbo ke tafiya a sararin samaniya, kuma lantarki yake ci. Mu in mun gyara inji, tayar da shi muke yi mu saurari ƙararsa. Su yaya suke gwada nasu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Injiniya. A wannan gwajin kunnenka ba zai yi maka aiki ba, domin a inda babu iska ake kunna injin, kuma sauti ba ya tafiya sai da abin da zai ɗauke shi, kamar iska.

Shuɗin hasken nan shi ake kira filasma. Ɗan'uwan hasken da kake gani ne wajen masu walda: iskar gas da lantarki ya ratsa har ƙwayoyinta suka ɗauki caji. Galibi gas ɗin zenon ake sa wa injin, lantarki ya harba ƙwayoyin baya da gudun da ya haura kilomita 15 a daƙiƙa, kumbo kuma ya matsa gaba.

Wahalar tana wajen kwaikwayon sararin samaniya a doron ƙasa. Sai an sa injin cikin wani ƙaton tankin ƙarfe, a rufe ruf, a zuƙe iskar ciki. To ga rigimar: shi kansa injin gas yake fesawa, ka ga kana kwashe ruwa ne daga kwale-kwale wani na zubawa. Dabarar da suka yi ita ce jera faranti masu tsananin sanyi a ciki, zenon na taɓa su sai ya daskare ya manne. In gas ya taru, injin zai sake shaƙarsa, ma'auni ya nuna ƙarfin da ba gaskiya ba. Bangon tankin ma ana lulluɓe shi da girafait, irin bakin fensir, don filasma na cin ƙarfe, ɓurɓushin ya dawo ya liƙe wa injin.

Sai awon ƙarfi, wanda ni shi ya fi burge ni. Injin kumbon Dawn da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta harba a 2007, turawarsa ba ta kai nauyin giram 10 ba, kamar farar takarda biyu a tafin hannunka. Amma a hankali, cikin shekaru, ya kai kumbon zuwa Vesta, daga nan ya wuce zuwa Ceres, wasu manyan duwatsu biyu da ke kewaya rana. Don auna abu kaɗan haka, ana ɗora injin kan wani sikeli mai lilo, a duba ɗan gocewar da ya yi. Waya ɗaya ta yi tauri, ko zafi ya miƙar da ƙarfe, lissafi ya rushe.

Daga nan sai gwajin juriya. Can sama babu makaniki, filasma kuwa tana gugar cikin injin kullum. A cibiyar Glenn ta NASA da ke Ohayo a Amurka, an gwada wani inji mai suna NEXT sama da awa 48,000, wato shekara biyar da rabi, ana leƙawa da kyamara a ga inda ya cinye. Mu da in wuta ta yi awa 48 ba a ɗauke ba sai unguwa ta kama mamaki! Ka lissafa sau nawa za ka canza wa janareta bakin mai da fulogi a wannan tsakanin.